Tattaki a Lambun Murabba

Riyadh, farkon Nuwamba

Zuwa ga maiɗakina Balaraba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Mubina da Amir. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Yaya mutanen Malumfashi da hidimar kaka? Allah ya sa an kai amfanin gona gida lafiya.

Na san za ki yi mamakin ganin hoton rubutun hannuna a wayarki, alhali kullum muna magana. Dalili shi ne in kin kira, daga na ce lafiya lau sai harshena ya yi nauyi. Ke ki yi ta jira, ni in yi shiru, mu ɓuge da zancen kaji da ruwan famfo. Da biro kuwa ina iya tsayawa in huta in ci gaba.

Kin san yadda ƙirjina ya riƙe ina kan motar ɗaga kaya a sitonmu na Birnin Masana'antu na Biyu, kin kuma san an zura mini ɗan bututu a jijiyar zuciya don jini ya samu hanya. Likitoci sun ce aikin ya yi kyau. To amma, Balaraba, tun da aka sallame ni ban dawo daidai ba. Ciwon ƙirjin ya tafi, wani abu ya zo ya zauna a gurbinsa. Ba zafi yake yi ba, nauyi ne kawai. In na yi asuba a ɗaki sai in koma in kwanta, ina kallon bango har azahar. Abdulƙadir, abokin ɗakina direban nan ɗan Dutsinma, yana hawo mini da shinkafar bukhari daga gidan abincin da ke ƙasan benenmu, in yi loma biyu in ture. Ko yajin daddawar da kika aiko ban kwance ba. Masallaci ga shi nan tsallaken titi, amma in na tuna matakala sai in ji kamar dutse za a ce in hau.

Abdulƙadir yakan ce, "Haba Tamimu, ka yi tawakkali mana. Mutum nawa aka yi wa abin da ya fi naka?" Na san don Allah yake faɗa. Sai dai in ya faɗa, ji nake kamar bayan ciwo an ƙara mini da laifi.

Kamfani ya ba ni hutun jinya. Mudir, wato manajanmu, ya ce in sanyi ya wuce likitansu zai gwada ni, in ya ga ba zan iya aiki ba, to sai a soke iƙamata, takardar izinin zamana a nan, in dawo gida gaba ɗaya. Da a ce bara aka gaya mini haka, da ban yi barci ba. Yanzu kuwa ko a jikina. Wannan rashin damuwar ita ta fi ba ni tsoro.

Shekaranjiya Abdulƙadir ya tsare ni sai da na sa riga, ya kai ni asibiti sashen da ake motsa wa masu ciwon zuciya jiki. Wani babban ɗaki ne cike da injinan tafiya da kekuna marasa zuwa ko'ina. Mai kula da wurin wata dattijuwa ce 'yar Sudan, sunanta Ikilima. Da ta ga sunana sai ta ɗago ta ce, "Sannu da jiki, ɗan'uwana." Ashe kakanninta Hausawa ne da suka tsaya a Sudan a hanyar Hajji. Hausarta tsohuwa ce, irin ta kakarmu. Sai da na kau da kai, don idona ya kawo ruwa.

Ta ɗora ni a kan keke, na ɗan juya ƙafa don kunyarta. A keken da ke kusa da ni akwai wani mutum jajir mai furfura a gashin baki, ƙato, zai girme ni da kaɗan. Ya riƙe kan keken da hannu biyu, ƙafarsa na kan feda, amma ko sau ɗaya bai juya ba har aka tashi. Na ɗauka Balarabe ne, sai na ji Larabcinsa ya fi nawa karyewa. Da muka haɗa ido babu wanda ya yi wa wani murmushi. Amma na gane kallon, don shi nake gani a madubin banɗaki.

Kada ki gaya wa Inna komai tukuna. Ki ce mata ina samun sauƙi, ai ba ƙarya ba ce ta fuskar ƙirji. Ki shafa mini kan yara.

Naki har kullum,
Tamimu

*

Riyadh, Disamba

Maman Mubina,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Yaya gida, yaya ɗawainiya? Na ji daɗin jin cewa Amir ya warke daga ƙyanda. Allah ya ƙara lafiya. Ki gaida ƙanwarki Hansai, ki yi mata godiya da take kwana wurinku.

Amsarki ta zo, na karanta na sake karantawa. Kin tambaya ko sammu ne. Ni ma na yi wannan tunanin. Ga abin da aka gano.

Ikilima ta zaunar da ni a ofishinta ta yi ta tambayata, barci, abinci, abin da nake jin daɗinsa a da, da ko ina fatan in kwanta kada in tashi. Na gaya mata gaskiya. Ta haɗa ni da wani likita, shi kuma ya ce abin da ke damuna ciwo ne mai suna, ciwon damuwa, kuma yana yawan biyo bayan ciwon zuciya. Ya ce biyun suna ciyar da juna: damuwa ta kwantar da mutum, kwanciya ta raunana zuciya, raunin ya ƙara damuwa. Ya rubuta mini ƙwaya, ya ce ba za ta yi aiki nan take ba. Ya ce rabin maganin kuma yana ƙafata.

Na yi jinkirin shan ƙwayar, ina ganin kamar shanta shaida ce ta raunin imani. Ranar Juma'a Ridwan ya zo duba ni, ɗan Malam Basiru na unguwarmu da ke karatun fiƙihu a jami'a nan. Na tambaye shi. Ya ce, "Kawu, da bututun da aka sa maka a jijiya ka ce rashin tawakkali ne? Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, bai ware ta rai ba." A gabansa na sha ta farko.

Mutumin nan na kan keke sunansa Wilfredo. Ɗan wata ƙasa ce Benezuwela, can Kudancin Amurka, kuma injinan sanyi yake gyarawa a wata masana'antar lemo da ba ta da nisa da sitonmu. Shi tsaga ƙirjinsa aka yi. Ikilima ta duba ta ga dukanmu a unguwar Murabba muke zaune, sai ta kira mu tare ta ce motsin asibiti bai isa ba, mu riƙa haɗuwa bayan la'asar muna zagaya lambun da ke kewaye da gidan tarihi. Ta ce mu tafi a hankali, gwargwadon yadda za mu iya hira ba tare da haki ba. Na ce mata makaho ne za ki haɗa da makaho. Ta ce ai gara su biyu, in ɗaya ya faɗi ɗaya ya yi ihu.

Ranar farko na je. Wallahi ban san yadda aka yi na sauka daga benen ba. Na zauna a kan benci ƙarƙashin dabino, ina kallon yaran Larabawa suna gudu a kan ciyawa, iyayensu na shan shayi. Wilfredo bai zo ba. Washegari ma haka. Kin san halina, abin da ba na so a duniya shi ne a shanya ni. Rabona da jin fushi tun kafin ciwon, sai ga shi ya taso mini har wuya. Na karɓi kwatancen gidansa wurin Ikilima, na je na yi ta bugun ƙofa.

Da ƙyar ya buɗe. Ɗakin duhu, labule a sauke, kwanuka a jibge, ga kwalayen magani a ƙasa ba a taɓa wasu ba. Na shirya faɗa, amma da na ga ɗakin sai na ga namu ne in babu Abdulƙadir. Da guntun Larabci da guntun Turanci na ce masa ni ma ba son fitar nake ba, amma na sauko daga bene saboda shi, don haka ba zan koma ba sai ya sa takalmi. Ya dube ni ya ce, "Kai mahaukaci ne." Na ce likita ma ya kusa faɗin haka. Ya sa takalmin.

Ba mu kai lambun ba ranar. Mun je bakin titi, muka tsaya gaban wata baƙala, wato kantin unguwa, ya sayi ruwa, muka juyo. Ko kalma goma ba mu yi ba. Amma da na dawo na ci rabin shinkafata, har da yajinki.

Kada ki sa rai da yawa, har yanzu akwai ranakun da nake tashi kamar an danne ni da buhu. Ki ci gaba da addu'a.

Mijinki,
Tamimu

*

Riyadh, tsakiyar Janairu

Balarabata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ta kullum. Yaya Inna, yaya 'yan makaranta? Mubina ta ce mini ta haddace Tabaraka, ki ce mata na ji kuma na yi alfahari.

Nan sanyi ake sosai, har Larabawa sun fito da manyan rigunansu masu gashi a ciki. Mu kuwa tattakinmu ya zauna. Yanzu muna zagaya lambun, mu bi ta gefen tsohuwar fadar nan ta ginin ƙasa, mu huta wurin maɓuɓɓugar ruwa, mu ƙarasa ana kiran magariba. Ni in shiga masallaci, shi ya jira ni a waje riƙe da jakar magungunanmu. Eh, na koma jam'i. Ranar da na fara, limamin ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Kin ce in ba ki labarin abokin nawa. Sannu a hankali ya buɗe, kamar tsohuwar ƙofa. Garinsu sunansa Marakaibo, ya ce zafinsa ya kusa na nan, ga wani ƙaton tafki. Da ƙasarsu ta shiga wahala iyalinsa suka watse. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo, Yusmari, tana aure a wata ƙasa maƙwabciyarsu, Kolombiya. Shi kuma ya shekara da shekaru yana yawon aiki a ƙasashen Larabawa.

Na tambaye shi abin da ya hana shi juya keken nan a asibiti.  Ya ce mahaifinsa ma ciwon zuciya ya yi, kuma a gabansa ya faɗi yana tura mota da ta mutu a hanya. Tun da aka yi masa aiki, duk sanda zuciyarsa ta ɗan ƙara bugu sai ya ga mahaifinsa a kwance a kan kwalta. Don haka ya yanke wa kansa cewa in bai motsa ba, mutuwa ba za ta lura da shi ba. Ya ce, "Na ɓuya daga mutuwa, sai na tarar a ɗakinta na ɓuya."

Abin da ya ba ni mamaki, Balaraba, ashe su ma irinmu ne. Ya ce a wurinsu namiji ba ya cewa ransa ba daɗi. Sai dai a ce jijiyoyinsa ne suka motsa, a ba shi shayin ganye, a ce ya yi ta maza. Likita ya rubuta masa ƙwaya irin tawa tun kafin ni, ya jefa ta ƙarƙashin gado, wai ba shi da taɓin hankali. 'Yarsa ma bai gaya mata ba, in ta kira sai ya kashe hoton ya ce sadarwa ce ba kyau. Na ba shi labarin abin da Ridwan ya gaya mini. Shi Kirista ne, amma ya ce maganar ta shige shi. Ya koma wurin likita, yanzu yana sha.

Kada ki ɗauka kullum cikin zancen ciwo muke. Mutumin nan ashe ɗan raha ne. Ba ya iya faɗin sunana, sai ya ce Tamimo, ko kuma ermano, wato ɗan'uwa da yarensu. Na koya masa sannu ba ta hana zuwa, yanzu duk sanda wani saurayi ya wuce mu da gudu sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Sanu ba ta ana suwa!" Ran nan ya gayyace ni ɗakinsa, na tarar ya ɗaga labule ya share ko'ina. Ya gasa mini wata waina tasu ta garin masara, ba mai ba gishiri saboda dokar likita. Na ce masa wannan ai wainar Malumfashi ce da ta yi rashin lafiya. Ya yi dariya har sai da ya dafe ɗinkin ƙirjinsa. Daga nan ya kunna kiɗan garinsu a waya, mai ganguna kamar na bikin Maguzawa, ya miƙe yana ɗan jujjuya kafaɗa. Ya ce da shi da matarsa ba a gama biki ba su shiga fili ba. Ya ja ni in taya shi, na ce a'a, ni ɗan malamai ne. Amma ƙafata ta ɗan ci amanata a ƙarƙashin tebur.

A ranar ya kira Yusmari, ya bar hoton a kunne, ya gaya mata komai ina zaune. Ban ji yaren ba, amma na ga ta rufe baki tana kuka, shi ma yana yi. Sai ya juyo da wayar wajena. Tana da tsohon ciki, ta dafa ƙirji tana ta maimaita wata kalma, ya ce godiya take.

Akwai ranar da ni ne na kasa tashi. Ina kwance sai na ji ana dukan ƙofarmu kamar za a ɓalla. Abdulƙadir ya buɗe, sai ga Wilfredo yana haki, ya hawo benen nan duka. Ya ɗauko takalmina ya ajiye a gaban katifa.

Yanzu kina iya gaya wa Inna, a hankali. Ki ce mata ɗanta ya yi rashin lafiya biyu, kuma duka biyun ana magani.

Naki,
Tamimu

*

Riyadh, ƙarshen Fabrairu

Maman Mubina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara da Inna. Ki yafe mini shirun da na yi miki kwanakin nan. Na ga kiranki, na kasa ɗauka. Abdulƙadir ya ce ya gaya miki ina nan da raina, amma bai san yadda zai yi miki bayanin sauran ba.

Wilfredo ya faɗi a lambu. Muna tafe yana ba ni labarin yadda ake kamun kifi a tafkinsu, sai ya tsaya ya kama hannuna, ya ce ƙasa tana juyawa. Kafin in riƙe shi ya sulale. Na yi ihu da Hausa, da Larabci, da duk abin da ya zo bakina. Wani mai gadi ya rugo, wata mata cikin masu shan shayi ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, ta durƙusa a kansa har motar asibiti ta iso. Aka tafi da shi bai san inda yake ba.

Na koma ɗaki na rufe. Abu ɗaya ke yawo a kaina: mutumin nan ya gaya mini abin da yake tsoro, ni kuma na je na buga masa ƙofa na fito da shi. Na ga kamar da hannuna na kai shi inda mahaifinsa ya faɗi. Nauyin nan ya dawo har ya fi na farko. Na daina fita, na daina zuwa wurin Ikilima. Ƙwayar kaɗai ban daina ba, ita ma don Abdulƙadir yana tsayawa a kaina ne. Wannan karon bai yi mini wa'azi ba. Yana dawowa daga aiki sai ya zauna kusa da ni, Allah ya saka masa.

Ana nan sai saƙon murya ya shigo wayata. Muryarsa ce, a shaƙe. Ya ce, "Tamimo, ina bene na huɗu. An ce in yi tafiya a baranda, kuma ba na tafiya da kowa sai kai. Yalla, taso."

Na je. Na same shi zaune a bakin gado da rigar asibiti, an manna masa wayoyi a ƙirji. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya kira likitan da ke zagaye, ya ce ya maimaita mini abin da ya gaya masa. Likitan ya ce bugun zuciyar Wilfredo ne ya rikice, kuma matsalar tana nan tun daga tabon ciwonsa na farko, ko yana tafe ko yana kwance za ta iya tasowa. Ya ce da a ɗaki ta same shi shi kaɗai, ƙofa a kulle, da sai dai wari ya sanar da maƙwabta. Ya ƙara da cewa ƙarfin da jikinsa ya yi a watannin nan ya taimaka wajen farfaɗowarsa. Sun dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, mai daidaita bugun in ya kauce.

Da likitan ya fita, Wilfredo ya ce, "Ka ji? Mutuwar ta zo, ta same ni a tsaye, kuma ba ni kaɗai ba." Ya miƙo hannu na tashe shi. Muka bi barandar nan a hankali, yana jan ƙarfen ƙarin ruwa, ina riƙe da gwiwar hannunsa. Da muka kai tagar ƙarshe ya tsaya yana kallon motoci, ya ce yunwa yake ji. Rabona da kuka a gaban namiji tun rasuwar Baba, amma a wurin nan na yi, shi kuma yana ta bubbuga bayana yana cewa ya isa, mutane za su zaci shi ne ya mutu.

Na koma wurin Ikilima. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ciwon nan haka yake, yana tafiya yana waiwaye, abin da ake so kawai kada a rufe ƙofa. Azumi ya ƙarato, likita ya duba ni ya ce zan iya yi, ya canza mini lokutan shan magani. Ki tambayar mini Inna ko akwai abin da take so in aiko mata na buɗa baki.

Ki riƙa kira ko ban ɗauka ba. Ganin sunanki a wayar ma wani abu ne.

Naki,
Tamimu

*

Riyadh, bayan ƙaramar Salla

Zuwa ga Balaraba, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana. Na ga hotunan Salla. Amir ya yi tsawo, ke kuma kin rame, kada ki ce mini a'a. Na san rabin ciwon nan ke kika ɗauke shi daga nesa, ba ki taɓa yi mini ƙorafi ba. Allah ya biya ki.

Albishirinki. Likitan kamfani ya gwada ni. Ya ɗora ni a kan injin tafiya yana ƙara masa gudu da tudu, ni kuwa ina ta tafiya ina jiran a fara gwajin, sai na ji ya ce khalas, an gama. Ya rubuta cewa zan iya aiki, sai dai ban da ɗaukar nauyi da tsayuwa cikin rana. Mudir ya mayar da ni ɓangaren karɓar kaya a cikin sito, inda akwai sanyi. An sabunta iƙamata. Maganin damuwar kuma likita ya ce in ci gaba da sha zuwa wani lokaci, kada in yanke da kaina don na ji sauƙi. Ba zan ce miki na warke sarai ba. Amma yanzu in na tashi da safe ina jin yunwa, ina jin kewarku, ina jin haushin Abdulƙadir in ya bar rediyo a kunne. Duk waɗannan a da sun ɓace.

Wilfredo ya tafi. Da na'urar da ke ƙirjinsa likita ya hana shi kusantar manyan injinan da yake gyarawa, shi ma kuma ya ce ya gaji da zaman kaɗaici. Yusmari ta haihu, namiji, ta ce ya taho ya zauna wurinsu. Cikin azumi ya riƙa zuwa ɗakinmu da magariba da 'yar wainarsa, Abdulƙadir na dama kunu, har ya iya cewa a ƙaro. Ya roƙi Ikilima ta rubuta masa bayanin jinyarsa don likitocin can, ya kuma sa 'yarsa ta nemo masa inda masu irin ciwonmu ke haɗuwa suna motsa jiki. Ya ce ya san mutanensu, akwai da yawa da ke zaune a ɗaki suna cewa jijiyoyi ne, zai je ya dame su.

Ni na raka shi filin jirgin Sarki Khalid. Da ma'aikacin ya ga takardar asibiti sai ya sa aka turo keken marasa lafiya, ya ce ƙofar jirgin da nisa. Wilfredo ya dubi keken, ya dube ni, ya ɗora jakarsa a kai ya ce wa mai turawar, "Ita ce ba ta da lafiya." Muka rungumi juna. Ya ce in gaida Balaraba, kuma ya faɗi sunanki daidai, ashe ya daɗe yana koyo a ɓoye. Na tsaya a bayan gilashi ina kallonsa yana tafiya a hankali, kafaɗa a miƙe, jakarsa na bin sa a keke, har mutane suka rufe shi.

Na yi zaton in na dawo zan kwanta. Sai na ga la'asar ta yi, na sa takalmi na fita. Zafi ya fara, don haka in ya tsananta zan koma zagaya cikin babban kanti mai sanyi, kamar yadda tsofaffin Larabawa ke yi. Abdulƙadir ya ce zai riƙa bi na, wai tumbinsa ya fara taɓa sitiyari.

An ba ni hutu bayan babbar Salla. Zan sauka Kano, in kwana wurin yayana, washegari in shigo mota. Ina da roƙo ɗaya. Kada ki bari kowa ya zo tarya ta da mota ko babur, ko da Inna ta matsa. Zan sauka a tasha in bar kayan a shagon Amadu, in biyo ta bakin kasuwa, in wuce makarantar su Mubina, in gangaro layinmu. Ke dai ki sa yara su leƙo, in sun hango ni su kira ki. Wata da watanni kina jin labarina a kwance. Ina so farkon abin da za ki gani shi ne ni tafe da ƙafata.

Ki gaida Inna da Hansai da duk mai tambayata. Sai na iso, in Allah ya yarda.

Naki, mai kewarki,
Tamimu